HANNUNKA MAI SANDA

  Yau wata magana na zo mana da ita wadda da yawanmu muke ɗauka ta maza ce, alhali kuwa duk ranar da ta fashe a kanmu take ƙarewa. Maganar ɗan sanda ce da sandarsa: yaushe ya halatta ya ɗaga ta, yaushe kuma ya zama dole ya mayar da ita ƙugunsa ya yi aiki da fatar bakinsa.

Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada. Ki je ƙofar kowane caji ofis da hantsi ki duba su wa ke zaune a gindin bishiya riƙe da kwanon abinci, sun yi tagumi. Mu ne. Uwa ce, ko mata, ko ya, ko ƙanwa. Mu ke sayar da akuya da 'yan kunne idan aka kama namu, mu ke gasa wa wanda aka sako jiki da ruwan zafi idan ya dawo yana ɗingishi. Haka shi ma ɗan sandan da ya fita aiki da asuba, wata ce ta haife shi, wata ce ta dama masa koko tana fatan ya dawo mata da rai. Kin ga ke nan ko ta wane ɓangare jini ya zuba, zanin mace ne yake share shi.

To bari mu fara da tambaya guda. Ƙarfin nan da ke hannun ɗan sanda, na waye? Kakin da ya sa, da kulkin, da ankwar, da bindigar da ya rataya, babu wanda ya gada daga gidan ubansa. Da kuɗin jama'a aka saya, kuma doka ce ta ba shi iznin riƙewa. Dalili kuwa shi ne, mun yarda a tsakaninmu cewa kada kowa ya rama da hannunsa, domin in aka bar kowa ya rama, mai ƙarfi ne kaɗai zai kwana da barci. Sai muka tattara ɗan ƙarfinmu muka damƙa wa hukuma, ita kuma ta damƙa masa.

Ke da kike zubin adashe kin fi kowa gane wannan. Uwar adashe tana riƙe da kuɗi masu yawa a ƙullin zaninta, amma ko sisi ba nata ba ne. Ranar da ta ga atamfa ta burge ta, ta zari kuɗin mutane ta saya, sunanta ya tashi daga uwar adashe ya koma maciya amana, ko da kuwa tana da niyyar mayarwa. Haka ɗan sanda yake. Ranar da ya mari direba domin ya yi masa kallon raini, ko ya tattake yaro domin ya ba shi wahala wajen gudu, to kuɗin adashe ya taɓa, ya biya buƙatar zuciyarsa da abin da aka ba shi ajiya.

Saboda haka a nawa ganin ma'auni biyu ne ake auna hannun ɗan sanda da su. Na farko larura, wato babu sauran wata hanya sai ƙarfin. Na biyu gwargwado, wato kada ya wuce abin da zai kawar da haɗarin da ke gabansa. Duk macen da ta taɓa tsayawa a gaban murhu ta san idan tukunya ta tafaso tana neman zubewa ba danne murfi ake yi da dutse ba, itace ake janyewa a ɗan buɗe ta ta sha iska. Kuma ba a ɗaukar taɓarya domin kashe sauron da ya sauka a goshin jariri. Da zarar mutum ya miƙa hannu ya ce na bi, larura ta ƙare, duk dukan da ya biyo baya ramuwa ce, ramuwa kuwa ba ta cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi. Hukunci na alƙali ne.

Wata za ta ce wannan ai tunanin mata ne masu raunin zuciya. To ki sani abin da doka ta rubuta ke nan, a waje da kuma nan gida. A shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro a birnin Habana na ƙasar Kyuba, aka amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da makami ga jami'an tsaro. Abin da suka ƙunsa a taƙaice shi ne, jami'i ya fara gwada hanyar da babu duka a cikinta, kada ya harba bindiga sai domin kare ransa ko ran wani daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kuma in da hali ya faɗi ko shi wane ne ya yi gargaɗi, ya ba da lokacin da za a ji gargaɗin. In ya ji wa mutum rauni, a gaggauta nema masa magani a sanar da danginsa.

A nan Nijeriya kuma akwai umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda ya yi bayanin lokacin da za a yi harbi. Tsohonsa ya sha suka domin ya buɗe ƙofar harbin wanda ake zargi da babban laifi don kawai ya ruga da gudu, sai aka yi masa gyara a 2019 zamanin Sufeto Janar Muhammad Adamu, aka matso da shi kusa da waɗancan ƙa'idoji na duniya. A 2017 an yi dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa mutum azaba domin ya amsa laifi. Sannan a watan Satumba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin ta 1943 da muka gada daga Turawa.

Ki buɗe kunne da kyau a nan, 'yar'uwa, domin wannan dokar ta shigo har tsakar gidanki. Ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da ke don an nemi mijinki an rasa, ba a tafiya da tsoho don ɗansa ya gudu. Ta hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa alƙawarin ciniki kawai. Ta ce a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi. Ta ce kada a sa masa ankwa sai in ana tsoron zai yi faɗa ko zai tsere, ko don kare lafiyarsa, ko kuma kotu ce ta ce a sa. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ƙara da cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce.

To in haka takarda ta ce, me ya sa abin da muke gani a titi ya sha bamban? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Mu mutanen Haɗeja mun san yadda mulkin Turawa ya shigo mana, da bakin bindiga ya shigo ranar 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya faɗi tare da ɗimbin jama'arsa, har yau ake ce masa Mai Shahada. Rundunar da Bature ya kafa, wadda aka haɗe ta Arewa da ta Kudu ta zama ɗaya a 1930, an gina ta ne domin ta tsare mai mulki, ta karɓo haraji, ta murƙushe mai gardama. Iyayenmu kuma suna ba da labarin 'yan doka na zamanin En'e da yadda jin takunsu kawai yake watsa dandali. Bayan haka sai ga shekaru masu yawa na mulkin soja. An sauya tuta, an sauya kaki, an sauya doka, amma ɗabi'ar cewa talaka ba ya ji sai da bulala ta daɗe a jiki, ba ta fita da wanka ɗaya.

Abin da wannan ɗabi'a ta jawo mana kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mu da muke cin abinci daga fadama ya kamata mu riƙa tuna Bakolori. An gina dam a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, manoma suka rasa gonakinsu, maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka tare hanyoyin aikin suna neman a saurare su. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Manoma ne fa irin mazanmu, kukan gona suke yi, kukan da zama a tabarma ɗaya da biyan haƙƙi zai iya sharewa.

Haka a Maiduguri a ƙarshen watan Yuli na 2009, sojoji sun kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, kafin gari ya waye aka nuna gawarsa. Komai girman abin da ya aikata, gaban alƙali ya kamata ya tsaya, a ji su wa ke bayansa, a yanke masa abin da doka ta yanke. Kisan da aka yi tsammanin zai rufe magana sai ya zama abin da mabiyansa suka riƙa hura wuta da shi, kuma kowa ya ga yadda maƙwabtanmu na Yobe da Barno suka ɗanɗana, har 'yan gudun hijira suka iso ƙofofinmu.

Sai kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon watan Agusta 2024, lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jigawa, muka kulle ƙofa muna ƙirga 'ya'yanmu. Gaskiya ne an yi fashe-fashe da wawason kayan gwamnati da na mutane, wannan kuwa ɓarna ce babu mai wanke ta. Amma ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohin Barno da Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Neja, rundunar 'yan sanda kuma ta musanta. Ko ma yaya aka yi, tambayar da uwa za ta yi guda ce: yaron da ya ɗauki buhun taki a kansa yana gudu, ran wa yake shirin ɗauka a wannan lokacin? In babu, to kamu ne haƙƙinsa da kotu, buhun taki bai kai kuɗin rai ba.

Kada kuma mu zaci mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Amurka, ranar 25 ga Mayu 2020, wani ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna Joj Fuloyid da gwiwa sama da minti 9, alhali yana kwance da ankwa a hannu, a kan zargin jabun dala 20. Mutumin ya mutu, ƙasar ta kama da wuta, daga baya kotu ta ɗaure ɗan sandan shekara 22 da rabi. A watan Oktoba na wannan shekara kuma matasan Nijeriya suka fito a kan zaluncin rundunar SARS har aka rushe ta ranar 11 ga wata.

Yanzu bari in juyo ga mai cewa, to ke mai rubutu, ɗan fashi da mai garkuwa da mutane fa, su ma lallashinsu za a yi? Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ɗan sanda mutum ne mai rai ɗaya. Yana tsaye a shingen hanya cikin sanyin hunturu bai san abin da ke cikin motar da ta tunkaro shi ba. A rikicin da ya biyo bayan zanga-zangar 2020, Sufeto Janar ya ce an kashe 'yan sanda 22, su ma sun bar zawarawa da marayu. Wanda ya ɗaga makami zai kashe, doka ba ta ce a tsaya ana yi masa wa'azi ba, an yarda a tare shi da abin da zai tsayar da shi, ko da harsashi ne. Ɗan sandan da ya tsaya kallo aka yanka mutum a gabansa shi ma ya ci amana.

Amma ki ƙirga da yatsunki, cikin sau ɗari da ɗan sanda yake haɗuwa da mutane a garin nan, sau nawa ne ɗan fashi? Yawancinsu ɗan acaɓa ne da ba shi da takarda, da direban da ya yi lodi fiye da ƙima, da samari masu faɗa a wurin biki, da mai taɓin hankali da ya tsaya a tsakiyar titi, da miji da mata da rigimarsu ta fito waje. Matsalar ita ce a ɗauki hannun da aka tanada domin ɗan fashi a sauke a kan waɗannan. Kuma ina ganin lalama kariya ce ga shi kansa ɗan sandan, domin wanda ya saba shiga taro da zagi da mari, wata rana zai shiga taron da ya fi ƙarfinsa, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi.

Na taɓa ganin yadda ake yin abin da idona, wata ranar kasuwa na je sayen kifi. Wani saurayi da ƙwaya ta juya wa kai ya zaro wuƙa yana wulwulawa, jama'a suka yi masa zobe, masu ihu na yi, masu neman dutse na nema. Sai ga 'yan sanda uku, babbansu wani dattijon saje mai furfura a gemu. Abin da ya fara yi bai ko kalli yaron ba, jama'a ya sa aka tura baya, ya ce da yaransa su sauke bakin bindiga ƙasa. Sannan ya tsaya daga nesa inda wuƙa ba za ta kai shi ba, ya ce, "Samari, sannu. Ya sunanka? Ɗan gidan wa ne kai?" Yaron ya zazzage shi tas. Dattijon bai tanka zagin ba, ya ce, "Na ji, ɗana. Rana ta yi zafi, a kawo maka ruwa?" Ya sa aka ajiye ruwa a ƙasa tsakaninsu, ya aika aka nemo kawun yaron. An kusa awa guda ana wannan, har wasu suka fara cewa wannan saje matsoraci ne, da wane ne da tuni an wuce wurin. Can sai yaron ya zauna daɓas, ya saki wuƙar, ya fashe da kuka yana cewa, "Baba, kada ku dake ni." Aka kama shi aka tafi da shi, ko mari babu.

Ki duba abin da dattijon nan ya yi aiki da shi. Ya ba da tazara domin kada tsoro ya sa shi ko yaransa yin gaggawa. Ya ba da lokaci domin fushi da maye duk suna sauka in an jira su. Ya sassauta murya, ya kira yaron da sunan mutunci, ya bar masa ƙofar da zai sauko ba tare da an yi masa dariya ba. Bai fasa kamu ba, doka ta yi aikinta, kuma babu uwar da ta yi zaman makoki. Irin wannan ake koyarwa a makarantun 'yan sanda na ƙasashe da yawa, har ma a Ingila yawancin 'yan sandan da ke sintiri a titi ba sa ɗaukar bindiga sam. Wanda ya kira wannan tsoro bai san cewa jan kunamar bindiga ko yaro zai iya ba, haɗiye zagi a gaban jama'a kuwa sai namijin gaske.

Babu inda muka fi buƙatar irin wannan dattijo kamar fadamarmu. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin nan ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wurin noma da wurin kiwo da wurin su duk suka matse, burtali kuma gonaki suka cinye da yawansa. Shi ya sa da kaka ta yi, shanu suka gangaro, sai gabanmu ya riƙa faɗuwa da labarin da zai fito daga wajen Guri da Kirikasamma. A irin wannan rigima kowa yana da abin faɗa, manomi ya ga guminsa na shekara a bakin saniya, makiyayi ya ga hanyar da kakansa ya bi an shuke ta. Jami'in da ya iso ya fara da duka, wanda aka daka zai ce an saye shi ne, ya koma ya wasa makami ya jira dare. Wanda ya iso ya raba tsakani, ya kira bulama da arɗo da mai unguwa, aka auna ɓarna aka biya, aka miƙa wanda ya zubar da jini ga kotu ko ɗan waye, shi ne ya kashe wutar har toka.

Akwai kuma wata asara da duka yake jawowa wadda ba a cika lura da ita ba, wato zubewar nauyin magana. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyarmu ta zuwa Kano. 'Yan sanda sun ce sun yi ta korar mutane daga wurin amma aka fi ƙarfinsu, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Talauci ne babban abin da ya ja mutane wurin, ba na ɗora wa kowa laifi. Sai dai abin ya sa na yi tunani, akwai ranar da kulki ba ya amfani, bindiga ma haɗari ce, abin da ya rage wa ɗan sanda kawai shi ne ya ce ku ja da baya a ji shi. Wannan jin kuwa ba a ranar ake samunsa ba, tara shi ake yi a hankali, ranar da ya yi wa ɗan acaɓa adalci, ranar da ya ƙi karɓar na goro, har mutane su san in ya yi magana don su yake yi.

To 'yan'uwa, mu dawo gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa yake zuwa caji ofis ya ce a kamo mini wance ta cinye mini kuɗin adashe, a rufe ta ta kwana biyu ta gane kurenta? Wa yake cewa Yallaɓai ga na man mashin, a ɗan taɓa mini shi ya ji a jikinsa? Wa yake leƙowa ta kan katanga yana guɗa idan an kama ɓarawon akuya ana jibga? Sau da yawa a cikinmu ne. Muna son sanda idan bayan ɗan wata za ta sauka, muna tsine mata idan ta juyo kan namu. Ai sanda ba ta san ɗan gida ba, hannun da kika koya wa dukan ɗan kishiyarki yau shi zai tare ƙaninki a hanyar Gumel gobe. In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama da wuta, shafa wa na gidanki ruwa.

Haka nan mu daina yi wa yara barazana da cewa in ba ka yi shiru ba zan kira ɗan sanda ya yanka ka. Yaron da ya tashi da wannan, in ya ga kaki gudu zai yi ko da bai yi komai ba, gudu kuwa shi ke sa a bi mutum. In kuma shi ne ya girma ya sa kakin, zai ɗauka aikinsa ke nan ya zama dodo.

Idan ƙaddara ta kawo su ƙofar gidanki, ki yi musu sallama irin ta mutunci, ki tambayi daga wane ofishi suke, me ake zargi, ina za a kai shi. Kada ki riƙe rigar jami'i, kada ki yi kururuwar da za ta tara samarin unguwa, domin taro shi ke sa hannu ya yi rawa a kan bindiga. Ki aika a kira mai unguwa ko wani dattijo ya bi su. Ki riƙe suna da lambar da ke ƙirjin rigar, da lokacin da aka zo. In an yi zalunci, akwai baturen 'yan sanda na yanki, akwai kwamishina a Dutse, akwai sashen karɓar koke da rundunar ta buɗe a 2015, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa tun 1995. Na san bin waɗannan hanyoyi yana da gajiya, wani lokaci ma a yi ta yawo da ke, amma shirun da muke yi muna cewa Allah Ya isa kawai shi ke sa gobe a yi wa wata.

Ke kuma matar ɗan sanda, da ke mahaifiyarsa, kuna da wata dama da babu kwamishinan da yake da ita. Ku ne kuke ganinsa ya tuɓe kaki ya zauna a tabarma. In ya zo yana ba da labarin yadda ya lallasa wani, kada ki yi masa kirari, ki tambaye shi, "Maigida, shi yaron ba shi da uwa ne?" In kuma ya ce yau an zage shi ya haƙura, ki nuna masa a ranar ya fi girma a idonki. Ki lura da shi in aikin ya fara cin zuciyarsa, ba ya barci, yana saurin hannu a kan yara, domin wanda ya saba duka a waje da wuya ya ajiye hannun a zaure.

Masu iya magana in za su yi wa mutum gyara cikin mutunci sai su ce sun yi masa hannunka mai sanda. An ce asalinta makaho ake nuna wa hanya, ba a ja shi ba, ba a ture shi ba, a gaya masa ya bi ta wajen hannun da yake riƙe da sanda, ya kuwa isa inda za shi da ƙafarsa. Wannan ɗan rubutu shi ne nawa hannunka mai sanda ga masu sanda, da mu da muka ba su ita. Allah Ya tsare mana mazanmu da 'ya'yanmu, na cikin kaki da na cikin riga, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka ba tare da ambaliya ba.